Ranar da Aka Hana Ni Aron Benci

Har gobe ban manta da ranar da Malam Habu ya hana ni zuwa aron benci ba. Ni masinja ne a wata firamare a Gyadi-Gyadi, karatuna iyakarsa aji shida. Malam Habu shi ne hedimastanmu a lokacin.

Ga wanda bai san aikin ba: idan masu duba makarantu za su zo daga ofis, akan sanar da mu tun da wuri. Yaranmu kuwa yawanci 'ya'yan direbobi ne da 'yan adaidaita da leburori, aji cike maƙil, a ƙasa ake zama. To al'ada ita ce masinja ya je maƙwabciyar makaranta ya aro benci, a jera a ajujuwan gaba, baƙi su gani su tafi, a mayar kafin La'asar. Haka na tarar, haka nake yi.

Ranar Litinin aka ce baƙi na tafe Laraba. Har na yi magana da mai kurar da zai ɗauko bencunan a Unguwar Gano, sai Malam ya kira ni.

"Ɗanladi, kada ka aro ko ƙafar benci."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to a ina yara za su zauna?"

"Inda suka zauna yau."

Na sami mataimakinsa, Malam Isa, ya yi dariya ya ce, "Bar shi, waliyyi muka samu. Sai dai waliyyi ba ya ɗumama kujera." Na koma na roƙi Malam Habu, ko aji ɗaya ne a rufa asiri. Ya ce, "Wanda ya zo ya ga benci, don me zai aiko da benci?" Ranar ko abinci na kasa ci, ina tunanin in laifi ya tashi, kan masinja zai fara sauka.

Laraba suka zo, babbansu wani Alhaji, tare da baƙo daga wata ƙungiyar tallafi. Malam ya wuce da su aji uku kai tsaye. Yara a ƙasa, wasu kan buhu, wasu kan takalmansu. Wata yarinya ta ɗora littafinta a bayan ƙawarta tana rubutu. Alhaji ya ja Malam gefe, ina riƙe da ƙofa ina ji.

"Malam Habu, ni za ka kunyata a gaban baƙo? Ba a gaya maka yadda ake yi ba?"

"An gaya mini, ranka ya daɗe. Na ga gara ku ga abin da nake gani kullum."

"To, mun gani."

Zango bai ƙare ba aka tura Malam Habu wata makaranta can bayan gari, wai bai iya tafiya da jama'a ba. Ranar da zai tafi, kowane malami ya sami uzuri. Iyayen da ke cewa Allah ya bar mana Malam suna kan titi wajen neman abinci, babu wanda ya leƙo. Ni na ɗaure masa buta da darduma a bayan babur.

Bayan hutu sai ga babbar mota da sababbin bencuna daga ƙungiyar nan. Aka kafa rumfa, aka ɗauki hoto. Malam Isa, wanda ya zama hedimasta, ya yi jawabi ya gode wa Alhaji. Na kasa kunne tun daga farko har addu'ar rufewa, ban ji sunan Malam Habu ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da na gani ke nan: ana karɓar gaskiya a ci moriyarta, amma mai faɗarta ba a barin sa ya zauna. Ba zan ce ku yi ƙarya ba, ina tsoron Allah. Ba zan kuma iya ce muku ku yi irin ta Malam ba, don na ga inda ta kai shi. Yaran dai sun tashi daga ƙasa. Shi kuwa har yau ba a dawo da shi ba.