'Yar Suriname a Falon Kaka

Mu ba mu taɓa jin tatsuniya a bakin murhu ba. A gidanmu na unguwar Mount Hope, gindin hita mai ɗumama ɗaki muke taruwa bayan magariba, Kaka ta miƙe ƙafa tana tsine wa sanyin New York. Daga Kano Baba ya ɗauko ta don ta rene mu, ni da 'yan'uwana biyu. Ni take kira maigidanta, tana cewa rowata ta yi yawa.

Ta huɗunmu ita ce Marlene, 'yar maƙwabciyarmu. Uwarta mutuniyar Suriname ce, wata ƙasa a Kudancin Amurka, baƙa kamar mu, tana aikin jinyar tsofaffi sai dare take dawowa. Ran da na tambayi Kaka su wane ne 'yan Suriname, da tatsuniya ta amsa.

Wai wata mata ce ta aiki ɗanta rafi, mahara suka kama shi, suka sayar, jirgin ruwa ya haye teku da shi. Uwar ta ƙi yarda a yi zaman makoki. Kullum sai ta rufe masa tuwonsa a akushi, har ta tsufa ta mutu.

"Jikokinsa ne 'yan Suriname," in ji Kaka, ta jawo Marlene jikinta. "Namu ne da ruwa ya tafi da su. Ci tuwonki, 'yar nan, rabon kakanki ne."

Na yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari. A kanta na girma, a kanta na so Marlene.

Shekarar da na gama jami'a na durƙusa gaban Kaka, na ce ita nake so in aura. Na zaci guɗa za ta yi. Sai ta ajiye carbinta.

"'Yar Suriname? Haba maigida! Jikar bayi ce fa. Wa za mu ce asalinta in an tambaya a gida?"

"Kaka, ke kika ce namu ne."

"Wannan ai tatsuniya ce."

Ban taɓa jin an ci amanata kamar ranar ba. Har yau ina tunanin abin, na gane a wurin Kaka zumuncin na labari ne, bai kai ga haɗa jini ba.

Marlene kuwa tana kicin lokacin, tana wanke mata kwanuka. Ba sai na fassara mata komai ba, don a bakin Kaka ta koyi Hausa. Ta ɗauraye na ƙarshe, ta kife, ta ce, "Sai da safe, Kaka." Ba ta ƙara taka ƙofarmu ba.