Kujerar Kum a Motar Stanimir

Milutin a cikin tayoyi ya tsufa. Garejinsa na bakin hanyar da ta fita daga Kraljevo, rumfar kwano ce da injin ba da iska wanda ya girmi rabin masu kawo masa aiki. Ubansa ya yi faci a wurin, shi ma ya yi, har gwiwoyinsa suka ƙare a kan simintin nan. Mutum ne mai jiki, irin wanda in ya zauna a gefen benci sai ɗaya gefen ya ɗaga. Ba ya son dogon bayani. In ka zo kana zuba masa abin da ka karanta game da taya, zai bari ka gama, sannan ya ce, "To, kawo motar."

Yana da ƙa'ida ɗaya wadda duk garin ya sani: ba ya zaɓa wa mota taya alhali babu kowa a cikinta. Mutanen nan, in ji shi, ba sa tafiya da mota fanko. Wanda zai je sayen burodi ma sai ya ɗauki surukarsa da buhun dankali. Saboda haka sai an cika mota da mutanenta da kayanta, sannan ya shafa alli a cikin madigadi, a zagaya da ita ta kan ramuka, a dawo. In taya ta dawo da fari a jikinta, ta taɓa ke nan, babu sauran gardama.

Amininsa Stanimir yana da tsohuwar bas ta yawon shaƙatawa, mai inji a baya, da gado da ɗan murhu a ciki. A cikinta yake kai iyalinsa bakin teku kowane rani. Da ya yi ritaya sai ya shiga gyara ta, ya yi mata fenti ruwan ƙwai, ya kwantar da ita ƙasa har cikinta ya kusa shafar ciyawa. Milutin ya ce masa hauka ne, ya kuma taya shi riƙe sifana. Taya kaɗai ta rage lokacin da zuciyar Stanimir ta tsaya, a tsakiyar hunturu. Motar ta zauna a kan bulo, an lulluɓe ta da tamfol.

Da rani ya zagayo, ɗansa Dalibor ya zo gareji da tayoyi huɗu sirara a bayan motar abokinsa.

"Kum, aure ya matso. A motar Baba zan ɗauko Zorana, ko kuma a ɗauko ta da ƙafa."

Milutin ne kum ɗin gidan, wato uban baftisma kuma babban shaidan aurensu. Shi ya riƙe Dalibor ranar baftisma, shi kuma zai tsaya masa ranar aure, kamar yadda ubansa ya tsaya wa Stanimir. Milutin ya juya taya ɗaya da ƙafa, ya duba lambar nauyin da ke jikinta.

"Wannan ta keken jarirai ce?"

"Haba Kum! Ita ake yayi. Ka ga yadda take zama a hoto?"

"Hoton za ka aura? Gidan su yarinyar a kan dutse yake, hanyar burji ce. Wannan a ramin farko za ta fashe, ta lanƙwasa maka wili. Mayar musu."

"To mu mayar da tsofaffin na Baba."

"Waɗancan na lokacin da motar ke tsaye da ƙafarta ne. Yanzu ko sitiyari ba za su bari ka murɗa ba."

Abin da ake nema a tsakani yake: taya mai ɗan gajeren gefe don kada ta goge madigadi, amma mai ƙarfin ɗaukar bas, ba ƙaramar mota ba. Ya zaɓi masu ɗan tsayi na baya, inda inji yake, da masu ƙarancin faɗi na gaba, inda wurin ya fi matsewa. Ya ɗaura su, ya ce ranar Lahadi a kawo masa duk wanda zai shiga motar ranar biki.

Suka zo tare da Dalibor. Desanka, uwar ango, da baƙin ɗankwalinta. Goggo Leposava, wadda ta rantse ta rame tun Ista. Ƙanen ango, wanda zai tuƙa. Da wani siririn makaɗi mai akodiyon a ƙirji, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa. Amarya ba za ta zo ba, sai aka ɗauko buhun masara a madadinta.

"Buhu ɗaya ya isa?" Milutin ya tambaya.

"Kum, in ta ji ka, an fasa auren nan," in ji Dalibor.

"Ƙara rabin buhu. Akwai riga."

Aka loda kwalabe da kwandon kek, kowa ya zauna inda zai zauna. Milutin ya kwanta a ƙasa da ƙyar, ya shafa alli, ya cusa yatsu biyu tsakanin taya da ƙarfe a kowane gefe. Yatsun suka shige. Ya tsaya bakin hanya yana kallo, motar ta bi ramukan bayan kasuwar dabbobi ta dawo. Tayoyi huɗu baƙi ƙirin, babu ɗigon fari.

"Ta yi," ya ce. Desanka ta shafa ƙofar motar, ta juya baya don kada a ga idonta.

Ranar biki Milutin ya sa kwat da sabon takalmi mai matse yatsu. Aka buɗe masa ƙofar gaba, ya hau kujerar da ke kusa da direba, wurin kum. Hawan dutsen lafiya lau, jerin motoci na bin su da ham. Aka yi abin da ake yi a gidan amarya, aka ci, aka yi kuka, aka fito da Zorana. Ta shiga kusa da Dalibor, suka kama gangara.

A kwana ta farko ya ji ƙarar. Wani ɗan gurnani ne a ƙarƙashinsa daidai, duk sanda motar ta faɗa rami. Makaɗi na ta ja, babu wanda ya ji sai shi. A kwana ta biyu warin roba ya shigo.

"Tsaya."

Ya sauko, ya durƙusa cikin ƙura da kwat ɗinsa. Tayar gaba ta dama ta yi farin zobe, ƙarfe ya fara yankar kafaɗarta. Ya taɓa, da zafi. Ya ɗaga kai ya dubi kujerar da ya sauko daga kai, wadda ke bisa tayar nan daidai. Ranar gwaji babu wanda ya zauna a kanta. Wa zai zauna a wurin kum? Shi kuwa kum ɗin yana tsaye a bakin hanya da alli a hannu. Da za su hau dutse babu amarya, shi ya sa motar ta yi haƙuri da shi.

"Mene ne, Kum?" Dalibor ya leƙo, fuskarsa ta sauya.

"Kaya ne suka yi yawa."

"Wane kaya?"

"Ni."

Goggo Leposava ta ƙyalƙyale da dariya. "Na gode wa Allah, yau dai ba ni ba ce!"

Desanka ba ta yi dariya ba. "Milutin, kum ba ya sauka daga motar ango. Me dangin amarya za su ce? Makaɗi ya sauka."

"Wannan? Akodiyonsa ya fi shi nauyi. Ko ya sauka motar ba za ta sani ba."

"To ka koma baya, ni in dawo gaba."

"In koma baya in kashe ta bayan? Desa, tayar nan ba za ta kai kwalta da ni ba. Ko dai in sauka, ko amarya ta isa coci a motar wani. Zaɓi."

Desanka ta dubi sitiyarin da tafin mijinta ya goge har ya yi sulɓi. Ta gyaɗa kai.

Milutin ya rufe ƙofa. Ya ce wa direban, "Sa ta a giya ta ɗaya. Ka bi bayana, inda na taka nan za ka taka." Ya shige gaba, ya zura hannu a aljihu inda ya tara tsabar dinari na yaran ƙauye, waɗanda dama hakkin kum ne ya watsa musu. Ya fara tafiya yana watsawa hagu da dama, idonsa na kan hanya, yana kauce wa kowane rami, motar na rarrafe a bayansa. Yara suka fito daga gidaje suna ihu. Makaɗi ya buɗe ƙofar gefe ya ƙara sauti. Mutanen motocin baya suka zaci shiri ne, wasu suka sauko suka bi shi da rawa.

Tafiyar da nisa. Takalmin ya cinye masa dunduniya, gwiwa ta dama ta fara ƙin lanƙwasuwa, gumi ya jiƙa kwat ɗin har baya. Bai tsaya ba sai da ƙafarsa ta taka kwalta. Nan ya sake durƙusawa ya taɓa tayar. Ta huce, yankan bai ƙaru ba. Daga nan zuwa coci hanya sumul ce, babu abin da zai sa motar ta yi tsalle. Ya hau kujerarsa, ya cire takalmin, ya ɗora a cinya.

A ƙofar coci Zorana ta sauko daga motar Stanimir, rigarta fes. Ta sumbaci kumatun Milutin sau uku, ta raɗa masa, "An ce buhu da rabi ka sa a madadina."

"Rabin na riga ne, 'yata."

Bayan biki ya ɗaga gaban motar kaɗan, ya canja tayar da ta ji ciwo. A kusurwar garejin yanzu akwai buhunan yashi uku a jingine. In an kawo mota aka ce akwai wanda bai samu zuwa ba, Milutin ba ya tambayar ko wane ne. Nuna kusurwar yake yi da haɓa, ya ce, "Ɗauko kum, ka zaunar da shi a gaba."