Zafin da Ke Taso wa Inna

Farkon aurena a Suleja, cikin shekarun casa'in, duk Juma'a nakan je Maje wurin Inna. Muna cikin hira sai ta yaye mayafi, gumi ya karyo mata, ko da ana ruwan sama.

"Wuta ce ke taso min daga ƙirji," in ji ta.

Maƙwabciyarta, wata nas, ta ce, "Ba ciwo ba ne, Yaya. In jinin al'ada ya ɗauke, sinadarin jikin mata yana raguwa, sai jijiyoyin jini su buɗe farat ɗaya."

Dariya na yi a lokacin. Yanzu abin ya zo kaina, Inna kuwa ta rasu. Ina ma tana nan, in tambaye ta shekara nawa ta yi tana fama.