Ɗigon da ke bakin taswira

Shekara goma sha bakwai na yi planto, wato masinja, a wani biron binciken noma a Maradi. Ni ke jera rahotanni, ni ke kakkaɓe gara. Da aka shiga dimokuraɗiyya, albashi ya riƙa tsallake wata, aka rage ma'aikata. Mai ilimin firamare irina aka fara nuna wa ƙofa. Ko sannu babu.

Ɗiyata ce ta kai jami'a a Yamai. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Shekarar rikicin ta-zarce aka rufe masu makaranta, ta dawo gida unguwar Zariya da ordinater, kwamfutarta ke nan, cike da takardun masana kan noman rani, ta rasa ta ina za ta kama su. Lojisiyel biyu, wato manhajar jera takardu a ordinater, aka ba ta ta zaɓa. Wata rana da hantsi ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta ce, "Baba, zo ka ga wannan, taswira yake zanawa."

Na leƙa. Kowace takarda ɗigo ce, zare ya haɗa ta da wadda ta ambace ta. Tsakiya cunkus kamar kasuwa. Can gefe wasu ɗigo ƙanana, ba zare ko ɗaya.

"Waɗancan marayun fa?"

"Ba wanda ya ambace su. Lojisiyel ɗin ya ce in zubar."

Na ce ta buɗe ɗaya. Rahoton tsutsar albasa ne na Jiratawa. Na san shi har tabon shayin da ke bangonsa. Ni na riƙe igiyar awo a wannan gonar, ruwa har gwiwa. Na biyun gwajin gero ne na Tibiri.

Na ce, "Uwata, wa zai ambace su? A kabad ɗina suka tsufa. Ni da sunan gari nake jera takarda, don mai tambaya cewa yake, ba ni na Tibiri."

Ta ce ɗaya lojisiyel ɗin ba ya zane, mummuna ne, amma yana bari ka liƙa wa takarda sunan da ka so.

"To mummunan ne ɗan'uwana."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta goge mai taswirar, ta gyara zama.

"Malam planto, bismilla. Wannan na wane gari ne?"

Kwana tara muka yi, tana karanto kan takarda, ina faɗin gari. Biyu kaɗai na manta, su ma matata ta tuna mani daga madafa.