Ɓarnar Gonar Martha

Shekara goma sha ina sayen citta a hannun Martha, a wani ƙauye bayan Kwoi, in kai kasuwar Kafanchan. Ban taɓa cin ta a ciniki ba. Mace ce gajeruwa mai murya kamar ta mutum biyu, in tana waƙa a zumuntar mata ta coci har bakin titi ana ji. Mijinta ya rasu da wuri, da citta ta rene 'ya'ya, har babbar, Clara, ta zama malamar makaranta a Kagoro.

Sirrin cittarta ba ɓoyayye ba ne. Kowane rani wani Bafulatani mai suna Ubaidullahi yakan sauke shanunsa a gonarta, su ci karan da ya saura, su bar mata taki. Shi yana ce mata Inna, ita tana ce masa maigidan shanu. Rugarsa tana nan gefen rafi tun mijinta na da rai.

Sai daminar da cuta ta faɗa wa citta. Ganye ya yi rawaya, in ka tona ƙasa sai ka ciro abu mai wari yana narkewa a hannu. Ranar da Martha ta tona tata, wani baƙo mai kyamara ya tsaya da babur, ya same ta hannu biyu a ka tana kuka. Ya ɗauke ta hoto, ya tambaye ta me ya faru.

"Ɓarna ne," in ji ta. "Gona na duka ya tafi."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. To amma a yankinmu, in aka haɗa ɓarna da gona, shanu ne ke fara zuwa wa mutum a rai.

Ina gidanta ranar da Clara ta shigo a kan acaɓa, ko gaisuwa babu, ta miƙa wa uwarta waya. Ga Martha nan a hoto da ɗankwalin zumunta, baki buɗe. Clara ta shiga fassara mana Turancin.

Wani shafin labarai na Amurka ya ce gwauruwa Kirista ce da 'yan ta'adda Musulmi suka lalata wa gona. Wani na Turai ya ce rikicin manoma da makiyaya ne, sauyin yanayi ya jawo. Wani kuma na ƙasashen Larabawa ya ce ga irin koken da ake fakewa da shi a kori makiyaya Musulmi daga yankin. Hoto ɗaya, hawaye ɗaya, kowa ya ɗora abin da mutanen ƙasarsa ke son ji. Babu wanda ya ambaci cuta.

Wallahi na ji kunya. Ni da nake kunna rediyo tun asuba, in ce wa mutane "an faɗa a labarai" don in kashe gardama!

Martha ta riƙe baki. "Su wa ne ya gaya masu? Shanu bai shiga gona na ba!"

"Mama, ba wannan ne matsalar ba," in ji Clara. "Samarin gari duk sun gani. Gershon ya kira mitin."

Gershon shi ne shugaban matasan ƙauyen, kuma ba mahaukaci ba ne. An kashe masa wa a wani hari shekarun baya, kowa ya sani. Martha ba ta ko ɗaura zane da kyau ba ta nufi filin makarantar firamare inda ake taron, ni ina biye da ita ina haki. A hanya ta ratse gona, ta tono ruɓaɓɓiyar citta cike da hannu. Ta zube ta a gaban samarin.

"Ku shinshina! Wannan haƙorin shanu ne? Ciwo ne. Gonan babanka ma bai ruɓe ba, Gershon?"

Gershon ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Mama, mun san kina jin tsoro ne. No fear. Duniya duka ya gani, har Amerika."

"Ni ne a hoton!"

"Shi ya sa, Mama."

Ga mai gona, ga gona, ga cittar tana wari a gabansu, amma waya ta fi ta gaskiya.

Ba a taɓa kowa ba, Allah ya kiyaye. Labarin taron dai ya isa ruga. Washegari da safe Martha ta tafi ta yi wa Ubaidullahi bayani da bakinta, ta tarar sun tashi, sai turaku da toka mai ɗumi. Ko kaza ba su bari ba.

Yanzu takin zamani take saye, cittar kuma ba ta kai ta da ba. Ta daina jan waƙa a zumunta. In wani ya ɗaga waya kusa da ita, ko a wurin biki ne, sai ta ja ɗankwali ta rufe fuska.

Bara na ci karo da Asibi, matar Ubaidullahi, tana sayar da nono kusa da tashar jirgi a Kafanchan. Muka gaisa. Sai ta ce, "Alhaji, da gaske Inna ta ce mu ne?"

Na rantse mata ba ta ce ba. Na ba ta labarin ruɓaɓɓiyar cittar da ta zube a gaban samari.

Asibi ta juya ludayi a ƙwarya, ba ta dube ni ba.

"Amma mun ga fuskarta," in ji ta.