Yalo-yalo a Bayan Mai Koko

A unguwarmu ta Changli, duk mai neman labarin zamanin da, ƙofata yake zuwa. Ban yi makaranta ba, amma tun ina sayar da koko bakina bai saba da "ban sani ba". Da idona ya fara hazo ma ɓoyewa na yi. Jikata ta kawo mini tabarau, na kore ta da shi.

Wata rana ɗan maƙwabciyata, mai tara zane-zane yana nuna wa jama'a, ya shigo da wani katako da aka tsinta a bayan shagon tela. An zana mace gaban tukunyar koko, babu sunan kowa a jiki.

"Magajiya, wa ya zana wannan? Yaushe?"

Na kai shi nesa, na kawo kusa, launi kawai nake gani. Na shafa, na ji fentin ya farfashe, na ce lallai ya tsufa.

"Hannun marigayin nan ne mai zanen motocin goro. Ina goyon ɗana na fari ya yi shi."

Ya rubuta, ya manna a ƙarƙashin zanen.

Ranar nunin na ci ado, aka ba ni kujerar gaba. Ina cikin zuba labari sai wata tica, Kirista 'yar kudu da ta taɓa haya a gidana, ta durƙusa dab da kunnena.

"Mma, da goyon a bayanki kika hau yalo-yalo?"

"Ke, wane yalo-yalo? Keken hayan nan mai ƙafa uku da ya shigo gari jiya-jiya?"

"To ga shi nan bayan mai kokon, har da fasinja. Ni na zana a tsakar gidanki, kina faɗa ina ɓata miki siminti. Ruwan sama ne ya tsufar da shi." Ta dafa gwiwata. "Ki bar shi haka, ba wanda ya ji."

Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na ɗauke aikin mai rai na ba mamaci, ga shi ita ke rufa mini asiri. Na miƙe, na dubi ɗan maƙwabciyata.

"Ɗana, cire takardar nan. Ban gani ba, ban sani ba. Ga mai zanen."

Wata cikin jama'a ta yi dariya ta haɗiye.

Bayan kwana biyu na koma da tabarau a jaka, sai da mutane suka ragu na sa. Ga yalo-yalon nan ƙuru-ƙuru. Mai kokon kuwa, zanina ne a ƙugunta, bakinta a buɗe, tana ba wani labari.