Kilishin Malam Idi na Ikara

Ana idar da sallar asuba na bar gidanmu da ke Tudun Wadan Zariya, a ƙarshen daminar da ta wuce. Rashin cin abincin mahaifina ne ya fitar da ni. Tun da ya tashi daga jinya ba ya karɓar komai sai ɗan kunu, likita kuwa ya ce muddin bai ci ba magani ba zai yi masa aiki ba. Baba tsohon mai kilishi ne, ni kuma na buge da ɗinki, abin da har yau bai gama yafe mini ba. Na sayo masa kilishi iri-iri a gari, kowanne sai ya shinshina ya ture.

"Wannan naman turke ne, dusa ce zalla a cikinsa," in ji shi. "Ka je Ikara wurin abokina Malam Idi, ka ce ni na aiko ka. Shi ba ya yanka sa sai wanda ya tashi a ciyawa."

Ikara

Ƙaramar mota na samu a tasha, an cusa mu kamar kayan wanki. Muka bi titin Kano zuwa Tashar Yari, muka karkata. A shingen hanya aka leƙa but ɗin motar, aka gaisa da direba irin gaisuwar da aka saba, muka wuce. Da hantsi muka shiga Ikara.

Na ce wa wani ɗan acaɓa ya kai ni gidan Malam Idi mai kilishi. Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya fasa, ya ce in hau. A ƙofar gidan na tarar da gadajen karan da ake shanya nama suna nan a jere, amma ciyawa ta fito ta tsakaninsu har ta fi su tsawo. Na yi sallama.

Matarsa, Inna Hajara, ta zo bakin zaure muka gaisa, ta tambayi jikin Baba da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Ai Malam ya rasu tun kafin azumi, ɗan nan. Mun aika, yayanka ya ce Alhaji na kwance, kada a faɗa masa."

Na yi mata gaisuwa. Ta ce ai tun kafin ciwo ya kama shi ya ajiye wuƙa. Yakan tafi har Furana da Malikanchi neman sa, ya dawo hannu wofi. "Cewa yake garken da balbela ba ta bi, to ciyawar da yake ci an yi mata feshi, babu ko fara a cikinta. In za ka nema, ka duba balbela."

Makarfi

Da la'asar, a hanyar dawowa, na sauka a Makarfi. A bayan masu rake na ga wani mai kilishi ya baje hajarsa, ja wur, faffaɗa, mai ɗaukar ido. Na ce a raina wahala ta ƙare. Ina tsaye ina dubawa sai na ji wani abu bai yi mini daidai ba, na rasa ko mene ne. Can na gane. Ɓawon raken da ke gefe ya yi baƙi ƙirin da ƙudaje, amma ko ɗaya bai sauka a kan naman ba. Sukan taso, su zo daf da tebur, su juya.

"Naman ciyawa ne, Alhaji, ɗanɗana ka ji," in ji mai kilishin.

"Ina ƙudanka?" na tambaye shi.

Ya yi dariya. "Ƙudan garin nan suna da tarbiyya."

Ban yi dariyar ba, don na hango kwalbar fiya-fiya, maganin ƙwari, a ƙarƙashin teburin. Na tuna saura kaɗan in kai wa Baba shi da hannuna, na juya na bar wurin. Na kwana a wurin wani abokina tela, aka ba ni tuwon masara da miyar kuɓewa. Shi ya ba ni labarin wani tsohon Bafulatani a wajen Kudan da har yanzu yake kiwon daji.

Kudan

Da safe abokina ya haɗa ni da wani ɗan acaɓa mai suna Bulus. Muka tsallake titin Kano muka shiga hanyar gonaki. Dawa ta yi kai, barkono ya nuna, amma ciyawar bakin hanya duk ta ƙone ta yi ja, alhali ƙasa da sauran danshi. Da muka gangara wata fadama Bulus ya kashe mashin.

"Maigida, ka ji?"

"Ban ji komai ba."

"To shi nake nufi. Nan da muna yara ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kwaɗi da tsuntsaye."

Rana tsaka ce, ga ruwa kwance, amma babu kukan ko gyare. Tsoro ya kama ni, na ce ya tayar mu tafi.

Gaba kaɗan muka tarar da shanun. Farare ne, sun jeru a bakin wata gonar masara, duk sun fuskanci waje ɗaya. Ba sa kiwo, ba sa tuƙa, ko jela ba su kaɗawa. Tsohon yana zaune a gefe da sandarsa. Na gaishe shi da Baffa, na tambayi abin da suke kallo.

"Burtali ne a nan da," in ji shi. "Ta nan iyayensu suke bi zuwa rafi. An nome shi tun ba a haifi waɗannan ba, amma kullum sai sun zo sun tsaya. Ni ban koya musu ba. In sun gaji sai mu juya."

A bayan wata saniya na ga balbela biyu, sai na tuna maganar Inna Hajara. Baffa ya ce a wani kufai yake kiwonsu, inda mutane suka tashi tuntuni, kowa na tsoron nomawa, don haka babu mai kai feshi wurin. Ya ce da an gama girbi shi ma zai tashi, kufan ya yi musu kaɗan. Amma ya ce ya sayar da sa guda ga mahaucin ƙauyen, da safen nan aka yanka.

A ƙofar mahaucin na ga kitsen rawaya kamar man shanu, tsokar kuwa ja mai duhu. An feɗe cinya an shanya, ƙudaje sun taru, shirwa na shawagi, shi kuma yana ta kora da reshen darbejiya yana mita. Ban taɓa murnar ganin ƙuda ba sai ranar. Na ce kilishin nake so, na kwana a zaurensa ina jira. Washegari aka tsoma naman a labu na tunkuza da citta da kanumfari, ya sake shan rana, aka gasa. Na ɗanɗana. Ba shi da taushin na cikin gari, sai ka tauna, amma can ƙasa akwai wani ƙamshi kamar na nono, kuma yana daɗewa a baki bayan yajin ya wuce. Ya fi na Makarfi tsada nesa ba kusa ba, ban ko nemi ragi ba.

Gida

Na biyo ta Hunkuyi, na samu motar da ta ɗauko buhunan masara. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa: Malam Idi yana gaisuwa, ƙafa ce ta hana shi zuwa dubiya. Bayan la'asar na shiga gida.

Baba ya karɓi ƙunshin, ya shinshina, bai ture ba. Ya yagi ɗan kaɗan ya ɗaga shi saitin taga, sannan ya sa a baki. Ya daɗe yana taunawa, ido a rufe.

"Ciyawa ce," ya ce. "Ka samo nama."

Na buɗe baki zan isar da gaisuwar da na ƙirƙira, ya ɗaga mini hannu.

"Amma yankan ba na Idi ba ne. Nasa kana hango rana ta cikinsa. Kuma da yana da rai ba zai bari ka kawo mini na wani ba." Ya buɗe ido ya dube ni. "Yaushe?"

"Kafin azumi, Baba."

Ya yi salati, ya yi masa addu'a mai tsawo, hawaye na bin gemunsa. Na zaci shi ke nan, zai ture sauran. Sai ya share fuska ya ce a kawo masa ruwa, ya jawo ƙunshin gabansa ya ci gaba da ci.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Inna Hajara da Bulus da Baffa. Malam Idi kuma Allah ya jiƙansa. Da Baba ya ƙara jin ƙarfi zan ɗauki mota in kai shi Ikara gaisuwa, haka ya ce in yi.